BAYAN BADALA: WA KE DA ALHAKIN MARAYUN UNGOGO DA KUMBOTSO?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Manzon Allah (S), da iyalan gidansa tsarkaka, da sahabbansa managarta, da duk wanda ya tsaya wa gaskiya har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa Musulmi, musamman ku matasa: idan mahukunta suka hau mumbarin siyasa suna kirarin Kano tumbin giwa, cibiyar ciniki, wace Kanon suke nufi? Kanon da ake kai baƙi su gani, mai fitilun kan titi da gadojin sama? Ko kuwa Kanon da talaka yake kwana a cikinta, wadda in aka yi ruwan dare uba ba ya runtsawa don tsoron kada katanga ta faɗo wa 'ya'yansa?

Yau ɗimbin mutanen da ake kira Kanawa ba a cikin badala suke kwana ba. Leburan Kwari da na Singa, mai tura baro a Sabon Gari, direban adaidaita sahu, malamin firamare, ɗalibin ilimi, sabon angon da kuɗin hayar cikin gari ya koro, duk da magariba ta yi sai ka ga sun nufi Bachirawa, Rimin Kebe, Tudun Fulani, Rijiyar Zaki, Sheka, Wailari, Gaida, Samegu da Ɗanbare. Da guminsu garin yake motsi da rana, amma da dare sai su koma unguwannin da babu wata hukuma da ta ɗauke su a matsayin nauyinta. Wannan zalunci ne, kuma yana da tarihi, yana da doka, yana da masu cin ribarsa. Wajibi ne mu san su ɗaya bayan ɗaya.

MU FARA DA TASWIRA

Birnin Kano da kewayensa an yanka shi ƙananan hukumomi 8: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Shida na farko sun cika sun batse, babu sauran gona a cikinsu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka duk ƙaruwar da garin yake yi, a kan biyun ƙarshe take sauka, sannan ta malala zuwa Dawakin Tofa, Gezawa, Dawakin Kudu da Tofa.

Ungogo ta rungume birnin ta arewa da yamma, faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 200. Kumbotso kuwa ta tallafe shi ta kudu, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 150. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum 365,000 a Ungogo, sama da 290,000 a Kumbotso. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Wato yaron da aka haifa a Rangaza bayan waccan ƙidaya yau ya isa aure, amma a takardar hukuma tamkar ba a haife shi ba. To wanda bai san yawan 'ya'yansa ba, ta yaya zai auna musu tsaba?

Ku dubi yadda aka yi yankan ma. Ɗanbare tana yamma, daura da titin Gwarzo. Mariri tana gabas, a kan titin Maiduguri. Gari guda ne cur a tsakaninsu, amma duk Kumbotso ce. Mutumin Rijiyar Zaki ɗan Ungogo ne, alhali sakatariyarsa tana can arewa, ya fi kusa da Kabuga nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne, an yanka waɗannan hukumomi ne a matsayin ƙasar hakimi mai ƙauyuka da gonaki, sai birni ya zo ya haɗiye ƙauyukan, aka bar rigar yaro a jikin ƙato. Kowace daga cikinsu mazaɓu 11 gare ta. A lissafin 2006 kaɗai, kansila guda a Ungogo yana wakiltar sama da mutum 33,000. Yau fa?

YADDA GONA TA ZAMA UNGUWA

Wannan ƙasa da muke magana a kai ba jeji ba ce. Tana cikin ƙasashen noma mafi cikar jama'a a duk Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Nasara. Da rani jakuna suna ɗauko taki daga cikin birni su kai gonaki, su komo da itace da kara da hatsi. Sharar birni ita ce abincin gona, amfanin gona shi ne abincin birni. Fanisau, wadda yau take cikin Ungogo, ribaɗi ce mai gidan Sarki tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Gari ne da aka kafa da niyya, da tsari, da wanda ake tambaya in wani abu ya lalace.

Sai Turawan mulkin mallaka suka ci Kano a 1903. A 1910 suka yi dokar da ta mayar da ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamnansu. Da suka tafi, magadansu suka sabunta ta a 1962. A 1978 kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta cikin sauƙi. A ƙarƙashin wannan doka, in gwamnati ta karɓi gonarka, diyyar abin da ke kanta za ta biya ka, shuka ko bishiya ko gini. Ita ƙasar da ka gada kaka da kakanni ba ta da farashi a wurinsu.

To ɗan'uwa, sa kanka a matsayin manomin da ya ga birni yana tunkaro gonarsa. Ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa: an zo da ma'auna, an ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, an yanka gonar an raba wa manya, su kuma sun sayar da takardun tun kafin a kafa duwatsu. Me zai yi? Sai ya riga su. Ya kira dillali, a ɗauko igiya, a yanka gonar fuloti-fuloti, mai unguwa ya sa hannu, kowa ya karɓi la'adarsa. Wannan shi ne awon igiya. Kuma tunda kowane taku kuɗi ne, ba za a bar filin makaranta ba, ba za a bar na asibiti ko maƙabarta ba, hanya kuwa sai wadda da ƙyar adaidaita sahu biyu za su gifta juna. Inda ruwa yake bi da damina, shi ma fuloti ne, a sayar wa baƙon da ya zo da rani.

Hukumar tsara birni, wadda a da ake kira KASEPPA, yanzu KNUPDA, tana ina duk wannan lokaci? Tana nan. Ba ta zuwa ranar awo. Sai talaka ya tara gumin shekara goma ya kai gini linta, sannan a zo da jan fenti. Sun san sarai cewa mutane suna ƙaruwa, sun san dole su kwana a wani wuri. Tun a shekarun 1960 an ɗauko wani Bature mai suna Trevallion ya tsara yadda Kano za ta girma daga 1963 zuwa 1983. Wa'adin wancan tsari ya ƙare fiye da shekara 40 da suka wuce. Duk wani tsarin da aka rubuta bayansa, a zo Rimin Kebe a nuna mana inda ya taɓa ƙasa.

Da aka tashi gina sababbin birane a tsakanin 2011 da 2015, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, an yi musu titi da magudana da fitilu tun kafin mutum guda ya tare. Wannan ya nuna an iya aikin. Sai dai kuɗin gidajen ya fi ƙarfin talaka, aka shafe shekaru da yawa daga cikinsu babu kowa sai ƙadangaru. Ga gidaje babu mutane, ga mutane babu hanya. Wannan shi ne adalcin tsarin da ake ce mana mu yi wa biyayya.

RUWA NA WUCEWA TA ƘOFAR GIDA

Babu inda zaluncin nan ya fi fitowa fili kamar maganar ruwa. Allah bai hana Kano ruwa ba. Kogin Challawa da kogin Kano suna kudu da gari, su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. An gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, aka gama ta a 1974. An gama ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Gidan ruwa na farko a Challawa tun 1932 yake, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka gina shi, wato da harajin kakanninmu. A zamanin Shekarau aka ƙara sabuwar matatar Tamburawa wadda aka ce za ta iya tace lita miliyan 150 a kullum.

A ina gidan ruwan Challawa yake? A Panshekara, cikin Kumbotso. Manyan bututu suna ratsa ƙasarta su shiga gari. Amma shiga lungunan Gaida ko Samegu da asuba ka ga abin da ake ciki: kurar mai garuwa cike da jarkoki, yara da bokitai a layin burtsatsen wani mai hali, ana ta rigima a kan wa ya riga wa. Akwai samarin da tunda aka haife su ba su taɓa ganin ruwan gwamnati ya zubo daga famfo a gidansu ba.

Masu mulki sun sallama wa kowa ya haƙa nasa. To amma Kano a kan dutse take zaune, Dala da Goron Dutse shaida ne. A irin wannan ƙasa ruwan ƙarƙashi yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, ba shi da yawan da kowa zai zura bututu ya yi ta zuƙa. Shi ya sa da bazara ta kama rijiyoyi suke ƙafewa, wanda ya fi kuɗi ya ƙara zurfi ya janye na maƙwabcinsa. A unguwar awon igiya kuma, inda fuloti ya matse, masai da rijiya taku kaɗan ne a tsakaninsu. Daga nan amai da gudawa da taifot suke samun ƙofa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin tayar da inji ya hau, na jarka ya bi shi. Sakamakon haka talakan Sheka yana sayen ruwa da tsadar da mai famfo a unguwar manya bai san da ita ba.

Ruwan da ya rage musu kuma an ɓata shi. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna sako dagwalonsu yana gangarawa kogin Challawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, Jakara kuma ta ɗauki ƙazantar birni ta yi arewa maso gabas da ita zuwa madatsar Wasai. A gefen wannan baƙin ruwa ake noman latas da alayyafo da kabejin da ake dawo mana da su kasuwa. Masu kamfani sun kwashe riba, mu mun kwashi cuta.

Da damina kuma labari ya juya. Kakanninmu da suka haƙi ƙasar gini sun bar kududdufai, su ne suke shanye ruwan sama in Agusta ta zo da ƙarfinta. An cike su da shara an sayar, an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Sai ya shiga ɗakin talaka, washegari a zo da kyamara da buhun shinkafa a ce jaje aka zo yi.

ƘARAMAR HUKUMA KO 'YAR AIKEN GIDAN GWAMNATI?

Wani zai ce, ai akwai ƙaramar hukuma. Bari mu auna su da mudun da suka yanka da hannunsu. Gyaran da aka yi a 1976 ya soke En'e ya kawo ƙananan hukumomi da sunan kusanto da mulki ga jama'a. Tsarin mulkinsu na 1999 ya lissafa ayyukansu: kwashe shara, gina ƙananan hanyoyi da magudanai, kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Ɗan'uwa, karanta jerin nan ka leƙa layinku. Gidanku yana da lamba? Layinku yana da suna, in ban da a ce bayan gidan Alhaji wane, kusa da transfomar da ta ƙone? Daga cikin ayyukan nan, wanne ka ga ana yi ba fashi in ban da yankar tikiti a kasuwa da tasha?

Shi dai wannan tsarin mulkin ya tanadi asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙananan hukumomi yake fara sauka a hannun jiha. Shekara da shekaru ciyaman yana sa hannu a kan kuɗin da bai gani ba. Aka yi shelar titin kilomita 5 a kowace ƙaramar hukuma, da yawansu aka bar su shekaru a farfashe. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma haramun ne gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. An yi ta murna a rediyo. To mu dai a kwatar ƙofar gida muke duba hukunci, kuma kwatar tana nan yadda take.

Zaɓen da ake tutiya da shi kuwa, ku duba da kanku. A 2018 jam'iyyar da ke gidan gwamnati ta lashe kujerun ciyaman 44 duka. A 2021 ta sake lashe 44 duka. Aka canza gwamnati a 2023, a zaɓen Oktoban 2024 sabuwar mai gidan ita ma ta lashe 44 duka, da kansiloli 484. Mutanen jiha guda ne, amma wai duk wanda ya shiga gidan gwamnati sai zukatansu su koma gare shi gaba ɗaya, ba a samu ko mazaɓa guda da ta saɓa ba! Wanda aka naɗa ta wannan hanya, wa zai ji tsoro? Kai da ba ka ɗora shi ba, ko wanda ya rubuta sunansa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

GADAR SAMA DA JARKAR ƘASA

Kada wani ya ce mana babu kuɗi. An gina gadar Ƙofar Nassarawa, an haƙa ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, an yi ta Dangi, an yi ta Hotoro. A 2023 an rushe gine-ginen da gwamnatin baya ta sayar a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula. Wannan ya gina, wancan ya rushe, duk da dukiyar al'umma. Gada tana fitowa a hoto, ana rubuta sunan wani a jikinta. Bututun ruwa kuwa a ƙasa ake binne shi, ba ya ɗaukar allo. Wannan ne ya sa ake fifita wancan a kan wannan.

Wutar lantarki ma haka. Babbar tashar da ke karɓar wutar Kano daga layin ƙasa a Kumbotso take. A nan aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Janairun 2023, a nan aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki. An sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, daga baya aka kasa jama'a rukuni-rukuni, na sama awa 20 a rana, na ƙasa awa 4. Ba sai an gaya maka rukunin da unguwar awon igiya take faɗawa ba. Mutane su yi karo-karo su sayi turke da waya, in transfoma ta ƙone su sake haɗa kuɗi, ƙarshen wata kuma takardar biya ba ta makara.

Manyan asibitoci, na Murtala da na Nassarawa da na Malam Aminu Kano, duk suna cikin gari. Mace ta kama naƙuda da tsakar dare a ƙarshen Tudun Fulani cikin damina, motar da za ta iya shiga lungun ma aiki ce. Da cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta ratsa 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, Ungogo kuma tana sahun gaba. Cuta ce da take samun wuri inda cunkoso ya yi yawa kuma rigakafi ya yi ƙaranci. Yara nawa aka binne? Wa ya sauka daga kujerarsa saboda su?

A 2019 an shelanta ilimi kyauta kuma dole. A 2024 an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wanda shi kansa shaida ne daga bakinsu cewa shelar farko ba ta haifar da ɗa mai ido ba. A unguwar da ba a bar filin makaranta ba, ina za a gina ajin? Yaron da babu aji, babu filin wasa, babu sana'a, shi ne wanda ɗan siyasa yake samu da arha. Ya ba shi ƙwaya ya riƙe masa gora ranar kamfe, bayan zaɓe kuma a kira shi ɗan daba mai ƙwacen waya, a nemi a ɗaure shi.

MIZANIN MUSULUNCI

'Yan uwa, wasu sun so su raba mu da fahimtar cewa kwata da rijiya da hanya suna cikin addini. Sun ce Musulunci alwala ne da jana'iza, sauran a bar wa 'yan boko. Tarihinmu ya ƙaryata su. Da Musulmi suka yi hijira zuwa Madina suka tarar ana sayar da ruwan rijiyar Ruma, Manzon Allah (S) ya kwaɗaitar a saye ta, Sayyidina Usman ya saya ya mayar da ita waƙafi ga kowa. Da za a kafa birnin Kufa a zamanin Sayyidina Umar, sai da aka fara fitar da filin masallaci, aka ƙayyade faɗin manyan hanyoyi zira'i 40, lunguna zira'i 7, sannan aka bar mutane suka yi gini. Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiyarta ta jawo ruwa zuwa Makka, har yau sunanta yana kan aikin. Shari'a ta sanya ruwa cikin abin da jama'a suke tarayya a kansa, ta sanya wa hanya haƙƙi, ta hana mutum ya yi ginin da zai cutar da maƙwabci.

A ƙasarmu ma haka. Shehu Usman ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya tona asirin sarakunan da suke tatsar talaka da haraji iri-iri ba su tsinana masa komai. Malam Abdullahi na Gwandu a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, da mutanen gari suka roƙe shi ya bayyana musu yadda ake mulki bisa shari'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Usulus Siyasa ya sanya raya garuruwa, gyaran hanyoyi da kasuwanni, da tallafa wa masu sana'a cikin wajiban shugaba. A wurinsu mulki amana ce da za a tsaya a kanta gaban Allah. Tsarin da Nasara ya bar mana ya mayar da shi ganima, ƙasa ta zama abin rabo ga 'yan koren mai mulki. Matuƙar tushen nan yana nan, canza hula da tuta duk bayan shekara huɗu ba zai kawo ruwa Bachirawa ba.

NAMU KASON

Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Dillalin da ya sayar da hanyar ruwa a sahun gaba yake salla. Mai unguwar da ya sa hannu a kan filin maƙabarta Musulmi ne. Alhajin da yake Umra duk Ramadan, ya kewaye burtsatsensa da katanga yana sayar wa marayu ruwa, ya ji labarin rijiyar Ruma sau nawa a wurin tafsiri? Malamin da zai yi wata guda yana rigima a kan saki da ƙablu, amma bai taɓa yin huɗuba guda a kan haƙƙin hanya ba don kada ya ɓata wa mai ba shi kujerar Makka, me zai ce ranar da za a tambayi masu ilimi? Wanda ya turo dakalinsa ya cinye rabin lungu, da wadda take juye shara a kwata in hadari ya haɗo, su ma sun sa hannu. Mu matasa kuma da muke kwana musu a kan ƙwallon Turai, ko muke zagin juna a Facebook saboda 'yan siyasar da ba su san sunanmu ba, ana ga yaƙi muna ga ƙura.

ABIN YI

Na farko, mu san unguwanninmu. Tunda sun ƙi ƙirga mu, mu ƙirga kanmu. 'Yan uwa na kowace unguwa su ɗauki littafi su bi layi-layi: gida nawa, rijiya nawa ke da ruwa da bazara, yara nawa ba sa zuwa boko ko Islamiyya, ina ruwa yake kwanciya, wane fili ne na jama'a. Mai magana da lissafi a hannu ba a mayar da shi ɗan hayaniya.

Na biyu, mu tsare abin da ya rage. Duk filin makaranta, maƙabarta, masallacin Idi ko kududdufin da bai salwanta ba, a san iyakarsa, a rubuta, dattawa su sa hannu, a ajiye kwafi a masallatai. Duk inda aka ji za a yanka sabuwar gona, a je wa mai ita da dillalinsa da nasiha tun kafin a ɗaura igiya: a bar hanya, a bar magudana, a bar fuloti biyu saboda Allah. Wanda zai sayi fili kuma ya je ya gan shi da damina.

Na uku, mu raya sunnar waƙafi da aikin gayya. A tunkari masu hali da maganar rijiyar sadaka mai aiki da hasken rana, a naɗa amintattun da za su riƙa karanta lissafinta a bainar jama'a. Kafin ruwan farko ya sauka, a fito da shebur da baro a yashe kwatoci. Ɗalibanmu na aikin lafiya su zagaya su wayar da kan iyaye a kan tsaftar ruwa da rigakafin yara.

Na huɗu, kada aikin gayyarmu ya zama hutu ga azzalumi. Abin da muka yi da hannunmu hujja ce a kansu. A tafi sakatariya cikin tsari da natsuwa, da dattawa a gaba, da takarda a hannu, a tambayi nawa ya shigo a wata da inda ya tafi. In sun rufe ƙofa a koma, a kuma faɗa wa jama'a cewa sun rufe. Haƙƙi ake nema, ba alfarma ba.

Na biyar, kada ɗayanmu ya sake zama karen farautar kowa. Wanda ya ba ka gora bai ba ɗansa ba. Ka nemi ilimin addininka, ka koyi sana'a, ka jawo ƙaninka daga bakin kwata zuwa makaranta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Raunanan bayan badala sun fi masu danne su yawa nesa ba kusa ba, abin da suka rasa shi ne sanin kansu da haɗuwa a kan tafarkin Allah. Ranar da suka samu waɗannan biyun, babu mai sake yanka makomarsu da igiya.

Allah Ya isar wa raunana, Ya shiryi masu shiryuwa cikin mahukunta, Ya kawo mana ƙarshen zalunci, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan gaskiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.